Inda Motar Ta Kauce

Ranar Lahadi da safe aka tarar da maruƙan tsohuwa Paati Valli guda biyu a mace cikin tsohon ramin siminti na Padang Rusa. Babu rauni a jikinsu, babu kumfa a baki, igiyar ma tana nan a ɗaure. A da, lokacin da wurin yake gandun roba, cikin ramin nan ake daskarar da madarar itatuwa. Ya fi tsayin mutum zurfi, yana da gangara ta gefe ɗaya, shi ya sa tsohuwar ta mai da shi garke saboda karnuka.

Mutuwar maruƙan ba ta firgita unguwa kamar abin da ya biyo baya ba. Da tsohuwar ta gangara ta durƙusa kansu, ta buɗe baki za ta yi kururuwa, sai muryar namiji ta fito daga bakinta, ƙatuwa mai kauri. Jiri ya ɗebe ta. Da rarrafe ta fito, kuma sai da ta yi ta haki a kan ciyawa kafin muryarta ta dawo.

Kafin hantsi mutane sun cika wurin. Wasu suka ce aljanin gandun ne ya yi fushi. Wasu suka nuna kwantenonin da masu gadi 'yan Nepal suke kwana a bayan katangar kamfanin Merbau, suka ce ai su ne, tun zuwansu ake rasa kaji.

Maruthai ya iso tare da 'yarsa Thilaga. Shekarunsa sittin da tara, a layi na huɗu na gidajen ma'aikatan gandun nan aka haife shi, kuma shekara talatin ya yi yana bin sawun aladun daji masu cin ƙananan itatuwa. Da aka sare gandun aka kafa masana'antu, sai aka kwashe su zuwa gidajen bene. Wannan ɗan yankin daji ne kawai ya rage. Ita Thilaga injiniya ce a Merbau, inda ake ƙera 'yan ƙwayoyin nan da ke zama ƙwaƙwalwar waya da mota.

"Paati, ki sake faɗa mini," in ji Thilaga. "Muryar ce ta yi kauri?"

"Kamar ta marigayi mijina in ya sha ya ƙoshi," in ji tsohuwar, tana share ido da gefen zanenta.

Thilaga ta ari kyandir daga ɗan wurin bauta da ke kusa, ta ɗaure shi a bakin gora, ta kunna, ta zura cikin ramin a hankali. Wutar tana ci lafiya har ta kai rabin zurfin. Daga nan ta mutu ɗif, kamar an tsoma ta a ruwa.

Ta juyo ta dubi mahaifinta, fuskarta ta sauya. Ta yi ƙasa da murya. "Appa, wannan kayanmu ne."

A gida, kan shayi, ta yi masa bayani. Akwai wata iska da suke sassaƙa ƙwayoyin da ita. Ba ta da wari, ba ta da launi, ba ta kama wuta, amma ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, sai ta kwanta a kwari kamar ruwa. In ta tsere sama, kilo ɗaya nata yana ɗumama duniya fiye da kilo dubu ashirin na hayaƙin mota, kuma ba ta gushewa cikin shekara ɗari ko ɗari biyar. Merbau ya yi wa masu sayen kayansa alkawarin rage irin wannan iska da rabi. Don haka ake tara wadda aka yi amfani da ita cikin tukwanen ƙarfe, a kai garin Perai a ƙone. Ita ke sa hannu a kan kowace tukunya.

"To me ya kawo ta ramin Paati?" in ji Maruthai.

"Shi ne ban sani ba."

Litinin da azahar ta dawo gida babu katin aikinta a wuya. Tukwane goma sha huɗu da ta bari cike ranar Juma'a suna nan a mazauninsu, amma fayau. Kyamarar ƙofar baya ta lalace tun makon jiya. Mabuɗin rumbun tukwanen uku ne: nata, na mai gadi Bir Bahadur, da na Encik Zulhelmi shugaban sashensu. Zulhelmi ya ce ranar Asabar yana bikin ɗan'uwansa a Alor Setar. An dakatar da ita, shi kuma Bir yana hannun 'yan sanda.

"A gindin tukwanen akwai jar laka, Appa. Babu jar ƙasa a cikin kamfani."

Maruthai ya miƙe. Ya janyo tsofaffin takalman robarsa daga ƙarƙashin gado, ya kakkaɓe su.

Insifekta Rosmawati ta san shi, domin shi ya taɓa gano musu wani tsoho da ya ɓata a dajin Gunung Bongsu. Ta bar shi ya ga Bir na minti goma.

Bir Bahadur mutum ne gajere mai furfura a gefen kai, ya haɗa hannaye tsakanin gwiwoyi.

"Kawu, ban san komai ba."

"Wa ya buɗe ƙofar baya ranar Asabar?"

"Na je cin abinci."

"Mai gadi yana barin ƙofa ya je cin abinci?"

Bir ya kalli bango. "Saura wata biyar takardata ta ƙare. 'Ya'yana uku suna makaranta. Na je cin abinci, Kawu."

Da suka fito insifekta ta ce, "Ka gani ko, Pakcik? Yana ɓoye wani abu."

"Yana ɓoyewa, Puan. Sai dai tsoron da na gani ba na ɓarawo ba ne, na wanda aka aika ne."

Daga nan ya nufi ramin. Ƙafafun 'yan kallo sun tattake gaba ɗaya, amma a gefen magudanar da ke gangarowa cikin ramin ya ga sawun babur, tayar baya ta suɗe ta hagu. Ya san babur ɗin. Na Pak Senawi ne, tsohon direban motar gandu, wanda yanzu ke sayar da taliya da romo da ake kira laksa a bakin titi.

Ya same shi yana yanka albasa.

"Senawi, me ka je yi ramin madara ranar Asabar?"

"Kai, Maru! Ba sallama, ba gaisuwa? Ko an ba ka kaki ne ban ji ba?"

"Babur ɗinka ya je."

"Ya je, ni ma na je. Ganyen miya na tsinko, da safe, kafin ruwan nan ya sauko. Wurin nan kaɗai ya rage da yake tsirowa." Ya ajiye wuƙar. "Ka tuna lokacin da muke cika buhu a bayan ɗakin hayaƙin busar da roba? Uwarka ta soya da busasshen jatan lande, mu ci da hannu a kan murfin kwano?"

"Na tuna."

"Yanzu jikokina ba su san sunansa ba ma. Zauna ka ci abinci, ɗan sandan ƙarya."

Ya ci. Gaskiyar Senawi ce: ɗigon ruwan sama ya faffasa saman sawun, ke nan babur ɗin ya zo ya tafi kafin ruwan azahar. Amma a kan hanyarsa ta komawa wani abu ya tsaya masa a rai. Tukwane goma sha huɗu ba kayan babur ba ne, kuma babu sawun babbar mota ta gaban ramin. In ba ta gaba ta zo ba, saura hanya ɗaya, wadda ba ta cikin taswirar kowace waya.

Washegari da hantsi ya zagaya ta bayan katangar kamfani, inda tsohuwar hanyar gandu ta faro. Tofa ta rufe ta har ƙugu. Wanda bai san wurin ba, daji kawai zai gani. Maruthai ya tsuguna, ya dubi ciyawar ta gefen rana, sai layuka biyu suka bayyana, inda ganyen ya kwanta bai gama miƙewa ba.

Mota ce mai taya biyu-biyu a baya. Ta shiga da nauyi bayan ruwa, ta fito da sauƙi. Ya bi ta a hankali, hannuwansa a baya.

Rabonsa da hanyar nan ya fi shekara ashirin, amma ƙafarsa ba ta manta ba. Nan ne wurin awo, inda mata ke jeruwa da bokitai, marigayiya matarsa Kamala a cikinsu, madarar roba ta bushe mata a yatsu. Can kuma filin da ake kafa farin ƙyalle a nuna majigi ranar biyan albashi, Tamil da Malay da Sinawa duk a tabarma ɗaya, ana faɗa a kan wa ya tare wa wani. Yanzu ba komai sai tofa da gwangwanayen lemo, ga gurnanin injinan sanyaya na masana'antu yana tahowa ta kan katanga.

Direban ya san hanya. Bai yi kuskure ko sau ɗaya ba, har kwalbatin da ya rufta ya bi ta gefensa mai ƙarfi. Wannan ya rage mutanen, amma bai isa ba.

Sai a wani miƙaƙƙen wuri, fili fetal, babu dutse, babu rami, babu kututture, sawun ya karkata dama, ya yi baka mai faɗi, ya dawo kan hanya. A tsakiyar bakan tayoyin sun nutse fiye da ko'ina. Motar ta tsaya a nan, da kayanta, na ɗan lokaci. Da za ta fito ma haka ta sake kaucewa.

Maruthai ya daɗe a tsaye yana kallon wurin da babu komai. Sa'an nan ya zauna a kan ciyawa, bai tashi ba sai da rana ta take.

Ya roƙi insifekta ta kawo kowa shagon kofin Taukeh Lau ranar Laraba da la'asar, inda tsofaffin 'yan gandu ke zama tun da aka tashe su. Ta zo da Bir da Encik Zulhelmi, wanda ke ta duba agogo. Thilaga ta kawo Paati Valli. A teburin kusurwa, kamar kullum, Senawi na zaune da Ah Soon, shi ma tsohon direban gandu, wanda yanzu ke kwashe katakon kaya daga masana'antu da 'yar motarsa. Shi da Maruthai tare suka yi wasan ƙasa, tare suka saci 'ya'yan itacen rambutan a gidan manaja aka zane su rana ɗaya.

"Yau kuma taron me?" in ji Ah Soon. "Maru zai ƙara aure ne?"

Ba wanda ya yi dariya sai Taukeh Lau.

"Puan Insifekta, ina da taro ƙarfe biyar," in ji Zulhelmi. "Mai gadin yana hannunku, ban ga abin da ya rage ba."

"Ba zan daɗe ba, Encik," in ji Maruthai. "Motar da ta kai tukwanen ta bi tsohuwar hanyar gandu. Bir bai san da ita ba, shekararsa huɗu a ƙasar nan. Thilaga tana goye aka daina bin ta. Kai kuma ba ɗan nan ba ne."

"To ka gani."

"A hanyar akwai wurin da motar ta kauce, alhali babu abin kaucewa. Paati, tsakanin wurin awo da ɗakin hayaƙi, me yake tsakiyar hanya a da?"

Tsohuwar ta ɗan yi tunani. "Suri. Babban surin nan na Datuk, aljanin gandu. Mu zuba masa madara, Sinawa su kunna masa turare."

"Katafila ta baje shi shekarar da aka sare gandu. Ko alamarsa babu. Amma hannun da ya shekara ashirin yana juya sitiyari a wurin bai san an baje shi ba. Direbobin gandu uku ne. Kuppan ya rasu."

"Saura ni da wannan," in ji Senawi, ya daina murmushi. "Maru, ka san rabona da tuƙin mota tun da idona ya yi hazo."

"Na sani. Kuma kai ta hagu kake bi, a guje, kana cewa ba ruwanka da shirka. Mutum ɗaya ne yake bi ta dama ya tsaya. Tun ranar da ya goge surin da mota, gatarin baya ya karye, ya kwanta zazzaɓi kwana tara. Daga ranar bai sake wucewa ba sai ya tsaya ya nemi izini."

Idanu duk suka koma kan Ah Soon.

Ah Soon ya ɗaga kofinsa, ya mayar bai sha ba.

"Ban ma san na tsaya ba," in ji shi a hankali. "Wallahi, Maru, sai da ka faɗa yanzu."

"Kada ka ce komai, tsoho," in ji Zulhelmi da sauri.

Insifekta ta juya ta dube shi. "Me ya sa, Encik? Ka san shi ne?"

Ah Soon bai ko kalli wajensu ba. Da Maruthai yake magana. "Encik Zulhelmi ya ce mini iska ce kawai. Ba guba, ba wari, ko yaro ya shaƙa ba abin da zai same shi. Ya ce in kai wurin da ba kowa in kwance kawunan, in dawo da tukwanen kafin magariba. Na yi ta tunanin inda ba kowa, sai na tuna gida." Ya juya wajen tsohuwar. "Akka, babbar yaya, na ɗauka kin daina kai shanu can tun bara. Daga sama na tsaya, bakin magudana. Ban leƙa ramin ba."

"Kai na goya ranar da uwarka ta je haihuwar ƙanwarka," in ji Paati Valli.

Sai Bir Bahadur ya miƙe tsaye, kamar soja. "Puan, shi ya ce in je in ci abinci, zai riƙe mini ƙofa. Ƙarfe huɗu. Bai je biki ba."

Zulhelmi ya fara musu, ya ga babu wurin tsayawa, ya zauna. Thilaga ce ta tambaye shi.

"Me ya sa, Encik Zul? Kai ka koya mini aikin nan."

"Wurin ƙonawa na Perai a rufe yake, gyara na sati uku," in ji shi, yana murza goshi. "Tukwanenmu duk sun cika. Ko in tsayar da layin ƙera ƙwayoyin, ko in saki ta bututunmu. Bututu yana da ma'auni, masu bincike kuma suna zuwa ƙarshen wata. Shekara biyar muna jan lambar nan ƙasa, Thilaga, saura ƙiris mu cika alkawari. A daji babu ma'auni."

"Amma ta fita."

"Ta fita inda ba a rubutawa."

"Zan rubuta ta," in ji Thilaga.

Ta kuwa rubuta. Da aka mai da ita bakin aiki, manya biyu suka kira ta ofis, suka nuna mata cewa abin da ya faru a wajen katanga ba lallai ne ya shiga rahoton shekara ba. Ta ce to su nemi wani ya sa hannu. Rahoton ya fito da kilo ɗari biyar da sittin a cikinsa, Merbau bai cika alkawarin wannan shekarar ba, kuma aka hana ta ƙarin girman da take jira. An kori Zulhelmi, shari'arsa tana gaba. Bir ya koma ƙofarsa. Kamfani ya sayo wa Paati Valli maruƙa biyu, ta karɓa, ta ce ba su da kunyar na da.

Ah Soon tara kawai aka ci shi, aka karɓe lasisinsa, ba a ɗaure shi ba saboda shekarunsa da kuma bai ɓoye komai ba. Ya sayar da motar. Bai sake zuwa shagon Taukeh Lau ba.

"Da ka same shi a gida ku biyu," in ji Senawi wata rana, yana juya cokali a kofi. "Ba sai a gaban mutane ba."

"Da na je ni kaɗai, da zai roƙe ni in yi shiru."

"Da ka yi?"

Maruthai ya ture kofinsa gefe. "Shi ya sa ban je ni kaɗai ba."

Ranar Lahadi ya sayi ƙunshi biyu na nasi lemak, shinkafar kwakwa da yaji, ya hau bene na uku na gidan su Ah Soon, ya ƙwanƙwasa. Matarsa Mei Lan ta buɗe ƙofar ƙarfen rabi.

"Ba ya nan, Maru. Ya tafi Butterworth wurin 'yarsa."

A bakin ƙofa ga silifas ɗin Ah Soon, dunduniyar dama ta cinye, da danshin wanka a kansu. Daga ciki warin tabarsa yana fitowa, kuma wani ya rage ƙarar rediyo.

Maruthai ya dubi silifas ɗin, ya ɗauke kai. Ya miƙa mata ƙunshi ɗaya.

"To, Allah ya dawo da shi lafiya. Ki ce masa ban sa yaji da yawa ba. Zan dawo Lahadi mai zuwa."